Kurakuran da na yi wajen ziyarar ƙanena a gidan yarin jiha

Wata bakwai ƙanena ya yi a hannun jihar New York kafin in taka ƙafa in je in gan shi, kuma ba rashin kuɗin mota ne ya hana ni ba, kunya ce. A unguwarmu ta Bronx, inda Hausawan Najeriya da Nijar da na zangunan Ghana suke haɗuwa a masallaci da gidajen suna, ni da Umma mun riƙa cewa ya tafi aiki wata jiha, har maganar ta zauna mana a baki. Mutanen da muke ɓoye wa sun sani tun makon farko, kawaici kawai suka yi mana. Wanda ɓoyon ya cutar shi ne yaron da yake kasa kunne kowace Asabar ko za a kira sunansa a ce yana da baƙi. Ina rubuta wannan ne domin ku ƙannena da kuka taso a ƙasar nan, saboda ranar da irin wannan ƙaddara ta faɗa wa gida, ku masu jin Turanci da sanin intanet ne iyaye za su ɗora wa nauyin shirya tafiya, kuma ba na son ku maimaita abin da na yi.

Abin da ban fara fahimta ba shi ne cewa gidajen yari a Amurka ba hukuma ɗaya ke riƙe da su ba. Wanda yake jiran shari'a, ko wanda hukuncinsa bai wuce shekara ɗaya ba, yana hannun birni ko gunduma ne, kamar a tsibirin Rikers na birnin New York, inda bas ta cikin gari take kai mutum. Idan ɗaurin ya haura shekara, sai a miƙa shi ga hukumar gidajen gyaran hali ta jiha, wadda ake taƙaita sunanta da DOCCS, kuma yawancin gidajenta suna nesa da birnin da fursunonin suka fito. Sing Sing da ke garin Ossining a bakin kogin Hudson yana cikin na kusa, jirgin ƙasa yana zuwa garin. Amma Clinton da ke Dannemora dab yake da iyakar Kanada, Attica kuma yana yamma wajen Buffalo, kowannensu tafiyar kusan awa shida ce a mota. Gidajen yarin tarayya da wuraren tsare baƙin haure dabam suke, da tasu dokar.

Da na yanke shawarar zuwa, adireshin da ke bayan wata tsohuwar wasiƙarsa na ɗauka, na biya kuɗin kujera a ɗaya daga cikin motocin hayar da ke tashi daga birni da tsakar dare. A da jihar tana kai iyalai kyauta, amma an soke wannan tsari tun 2011, don haka kuɗin daga aljihuna ya fito. Na kwana a zaune, na yi asuba a wurin da direba ya tsaya shan mai, na bi layi cikin sanyin da ke ratsa safa, sai da na isa gaban tebur gandiroba ya duba kwamfuta ya ce an ɗauke shi daga nan makonni uku da suka wuce. Gidan da na je na karɓar sababbin fursunoni ne, inda ake tantance lafiyarsu da matakin tsaron da ya dace da su kafin a rarraba su. Haka na zauna a ɗakin jira har motar ta tashi da yamma. Abin da zai raba ni da wannan wahala bai fi minti biyu ba: kowane fursunan jihar yana da lamba da ake kira DIN, wadda take farawa da shekarar da aka shigo da shi, kuma idan kuka sa ta a shafin intanet na hukumar za ku ga gidan da yake. Ku rubuta lambar nan a takarda ku ajiye a jaka, domin wayarku ba za ta shiga tare da ku ba. Sannan ku kira gidan kwana ɗaya kafin tafiya, ku tambaya ko yana nan, ko ranar tasa ce, domin wasu gidajen suna raba ranakun ziyara bisa harafin farko na sunan mahaifi ko ƙarshen lambar, kuma ko ba a hana shi ganin baƙi ba saboda horo.

Tafiya ta biyu da Umma muka yi, kuma a nan ne kuskurena ya fi yi mini ciwo, domin ita ta ɗauki nauyinsa. Wata maƙwabciya da ɗanta ya fito shekaru da suka wuce ta gaya mana cewa ana barin ƙunshin abinci a bakin ƙofa, ni kuma ban bincika ba. Gaskiya ta faɗa a kan zamaninta, sai dai tun 2022 jihar ta hana iyalai kawo ƙunshi da hannunsu, abinci sai dai a saya daga kamfani ya aika kai tsaye. Umma ta kwana biyu tana dakan dambun nama, ta ƙulla yaji da kilishin da aka kawo mata daga Kano, ta rungume jakar a cinyarta tun daga Bronx. Ni ce na fassara mata abin da ma'aikaciyar ta ce, ni ce kuma na mayar da jakar cikin mota yayin da take tsaye tana kallon ƙasa. Kada ku dogara da labarin wanda ya je bara, balle wanda ya je shekara biyar baya; ku karanta dokar da ke shafin hukumar a makon da za ku tafi. Wanda ɗan'uwansa yake wata jiha ya ƙara kula, domin a Kalifoniya sai an cika takarda an amince da mutum kafin ya zo, kuma ba a shiga da shuɗin wandon jins saboda ya yi kama da kayan fursunoni.

Maganar sutura ta fi shafar mu mata. Ba a hana mu shiga da hijabi ba, an kai mu wani ɗaki ne inda mace ta duba mu, kuma haƙƙinku ne ku nemi hakan cikin ladabi. Abin da ya ɓata mana lokaci shi ne fil ɗin da na maƙale mayafina da shi, da awarwaro, da ƙarfen da ke cikin rigar mama, waɗanda suka sa na'urar gano ƙarfe ta yi ta ƙara har aka mayar da ni baya in gyara. Kafin in dawo lokacin ƙidayar fursunoni ya yi, an tsayar da shiga da fita, muka rasa fiye da awa ɗaya daga cikin 'yan awoyin da muka kwana a hanya dominsu. Yanzu hijabi mai zurawa nake sawa, ba ɗan kunne, ba zobe, da takalmi mai sauƙin cirewa. Ku tabbatar katin shaidarku mai hoto bai ƙare aiki ba, ku riƙe takardar haihuwar yaro idan da shi za ku, ku kuma bayyana maganin tsohuwa tun a tebur maimakon a gan shi a aljihunta. Idan wani a cikin mota ya roƙe ku ku shigar masa da wani abu, komai ƙanƙantarsa, ku ƙi, domin shigar da haramtaccen kaya gidan yari laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

Duk waɗannan ana gyara su da shiri. Wanda ya fi wuyar gyarawa shi ne abin da na yi bayan mun shiga. Ya fito cikin koren wandon da jihar take ba su, ya rame, ya tara gemu, ya durƙusa zai gaida Umma sai ta ɗago shi ta riƙe. Da muka zauna, ni kuma sai na buɗe bakin da na rufe wata da watanni: abokan da na hana shi bi, kuɗin lauya, hawan jinin Umma, surutun mutane. Ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya ce, "Yaya, duk abin da kike faɗa ina faɗa wa kaina kowane dare. Don Allah ki ba ni labarin gida." Na duba na ga ban zo da labarin komai ba, faɗa kawai na ƙullo. Umma ce ta cece mu, ta fara lissafa masa wa ya yi aure, wa ta haihu, wane ɗan yayansa ya fara tafiya, har na ga kafaɗunsa sun sauko. Ba ina cewa kada a yi wa mai laifi nasiha ba, kuma ban manta cewa akwai wanda abin da ya aikata ya cutar ba. Amma alƙali ya riga ya yanke nasa, mutumin kuma yana da sauran kwanakin wata duka na zama da nadama. Awoyin nan kaɗan su ne kawai lokacin da ake kiransa da sunan da aka raɗa masa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Tun daga ranar nake tara labari a ɗan littafi in haddace a mota. Ina kuma zuwa da sulalla a cikin farar leda saboda na'urorin sayar da abinci da ke ɗakin ziyara, tunda shi ba a yarda ya taɓa kuɗi ba, ni ke saya in ɗumama in ajiye masa, bayan na karanta jikin ledar na tabbatar babu naman alade. Cin abinci a tebur ɗaya yana sassauta harshe fiye da kowace tambaya. Abin da ba na kawowa teburin, ba na kuma faɗa a waya, shi ne bayanin shari'arsa, domin ana naɗar kiran waya kuma ana buɗe wasiƙu. Ƙanena katin zama na dindindin yake da shi, bai zama ɗan ƙasa ba, kuma wasu laifuffukan suna sa hukumar shige da fice ta nemi mayar da mutum ƙasarsa bayan ya gama wa'adinsa. Wannan magana ce ta lauyan da ya san dokar shige da fice, kuma da wuri ake nemansa, ba sai ana saura wata guda a sake shi ba.

Sau ɗaya na ce masa zan dawo Asabar ta sama, na faɗa ne kawai don in rage zafin rabuwa, aiki kuma ya riƙe ni ban je ba. Daga baya na ji cewa ya yi aski, ya goge kayansa, ya ƙi fita filin motsa jiki don kada a kira shi ba ya kusa, ya zauna har aka rufe ɗakin ziyara. Ban ƙara sa masa rana ba sai kujerata tana hannu. Ko da hakan akwai abin da ya fi ƙarfinku: a watan Fabrairun 2025 gandirobobin jihar sun shiga yajin aiki na kusan mako uku, aka kawo dakarun tsaron jiha, aka dakatar da ziyara, kuma da aka dawo da ita an rage ranakun. A makonnin nan wasiƙa ce ta riƙe mu, ina rubutawa Umma tana faɗa mini abin da zan sa.

Ziyararmu ta gaba saura kwana tara. Na duba lambarsa a daren jiya, yana nan inda yake, zan kuma kira ranar Juma'a kafin mu fita. Umma ta daina dakan dambu, amma ta sa na rubuta sunayen jarirai uku da aka haifa a dangi tun zuwanmu na ƙarshe, domin ta ce shi kawunsu ne, dole ya san su.