Wasiƙa daga Kentucky: matan kiɗan bluegrass

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya hidima ya iyali, da fatan kowa lafiya.

Nan Kentucky da nake a Amurka akwai wani kiɗa na turawan karkara da ake ce ma bluegrass, ba ganga ba kalangu duk tsirkiya ce, banjo da jita da mandolin da goge irin nasu sai wani ƙaton bass da ake kaɗawa a tsaye. Banjon ma bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne tushensa, ɗan uwan gurmi ne.

To abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake wa matan da ke sana'ar nan. Bill Monroe da ake kira uban kiɗan, ƙungiyarsa sunanta Blue Grass Boys wato samari, alhali tun 1943 akwai mace a ciki, Sally Ann Forrester, daga baya ma Bessie Lee Mauldin ta yi shekaru tana riƙe masa bass. Haka abin ya ɗore, mace ta yi amshi ko ta tsaya can baya da bass, gaban fili kuwa na maza ne. Hazel Dickens da Alice Gerrard su suka yi ta maza suka fitar da faifai nasu na kansu a 1965.

Ku dubi kyaututtukan IBMA, ƙungiyar masu kiɗan bluegrass ta duniya, da aka fara bayarwa a 1990, Alison Brown ta ci ta banjo a 1991 amma mandolin ba macen da ta ci sai 2016 Sierra Hull ta samu, jita kuwa sai 2017 Molly Tuttle ta karɓa, haba jama'a duk shekarun nan a ce ba macen da ta iya jita?

A wani taron kiɗa na gani da idona, an yi da'ira cikin dare kowa na kaɗa nasa bi da bi, wata yarinya da mandolin a ƙirji ta gyara yatsu tana jira, mai jan waƙar ya tsallake ta ya ɗaga wa na gefenta kai, wallahi raina ya ɓaci. Sai da wata dattijuwa ta yi magana aka ba ta, da ta fara kuwa wurin ya yi tsit, wani ya ce ai ta iya duk da mace ce, wai shi nan yabo ya yi.

A gaida kowa da kowa, sai na sake rubutowa.