Agogon taswira

A ofishin safiyon da na yi sanin makamar aiki, akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba, kuma a aljihun teburinsa akwai wani ɗan ƙarfe da ba ya ba kowa aro. Kamar agogon aljihu yake, da 'yar taya a gindinsa. Ka gungura ta a kan layin hanya ko kogi, allura ta riƙa juyawa tana nuna nisa. Turawa na ce masa opisomita, mu kuwa agogon taswira muka san shi.

Taswirorinmu tsofaffi ne, masu sikeli 1:50,000, inda santimita 2 ke tsayawa a matsayin kilomita 1.

Ranar da ya fara miƙa mini shi, hanyar burji ya ce in auna tsakanin wasu ƙauyuka biyu, don a lissafa tifa nawa za ta ci. Na gungura a hankali, na bi kowace kwana, na samu kilomita 14. Baba ya dubi takardar da na yi aiki a kanta, ya ce, "Yaro, ina asalin taswirar?" Ashe kwafi na ɗauka, wanda injin ya rage wa girma. Bai yi faɗa ba. Ya mayar da allurar kan sifili, ya gungura tayar a kan layin ma'aunin da ke ƙasan takardar. Inda aka rubuta kilomita 5, agogon ya nuna 4. Hanyar kilomita 17 da rabi ce. Da lissafina ya wuce, da burji ya ƙare mutanen ƙauye na biyu suna hango tifa daga nesa.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ƙarfen bai yi ƙarya ba, takardar ce ban tambaya ba. Ko asalin taswira ma, in ji Baba, tana saki da damina, ta tsuke da hunturu, amma layin ma'auninta tare suke saki da tsukewa. Daga ranar, a kan wannan layin nake fara gwaji, sannan in auna sau uku, ɗaya daga ƙarshe zuwa farko.

Yanzu da kwamfuta nake aiki. In aka turo mini hoton tsohuwar taswira, ƙasan takardar nake fara dubawa, in an yanke layin ma'auni sai in ce a sake ɗauko mini.