Ciki na kumbura, kare na ramewa

Duk lokacin da mai kare ya ce min karensa ya yi tumbi amma ƙasusuwan bayansa sun fito, abin da nake fara tambaya shi ne ko an auna masa albumin. Wannan furotin ne da hanta ke sarrafawa, kuma shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. A lafiyayyen kare yakan kai giram 2.5 zuwa 4 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini. Idan ya faɗo ƙasa da 1.5, sai ruwa ya fara tsiyayewa ya taru a ciki, ko a ƙafafu, wani lokacin a ƙirji har numfashi ya yi wa karen wuya. Wancan tumbin ruwa ne, ba ƙiba ba.

Abin da na fi so mutane su gane shi ne, ƙarancin albumin alama ce ta wata cuta. Ko dai hanta ta gaza, ko kuma yana zurarewa ta hanji, ta ƙoda, ko ta zubar jini. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce a dinga tura wa karen nama kawai. Zuba ruwa ne a bokiti mai huda.

Likitan dabbobi yakan duba globulin, ɗayan furotin ɗin jini. Idan su biyun suka yi ƙasa tare, hanji ko zubar jini ake zargi, musamman in akwai zawo, amai ko baƙin kashi. A 'yan kwikwiyo, tsutsar hanji mai shan jini da cutar fabo (parvo, ƙwayar cuta mai sa amai da zawon jini) su ne kan gaba. Idan albumin ne kaɗai ya sauka, sai a gwada fitsari, domin ƙodar da ta lalace tana zubar da shi, kuma cututtukan da kaska ke yaɗawa na iya jawo hakan. Ita hanta sai ta yi mummunar lalacewa kafin abin ya bayyana.

Magani yana bin sanadi. Mai tsutsa a ba shi maganin tsutsa. Mai ciwon hanji galibi abinci marar maiƙo yake buƙata, da allurar bitamin B12, wani lokacin da prednisolone, maganin rage kumburi. Mai ciwon ƙoda akan ba shi enalapril ko telmisartan don rage zubar furotin. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: irin waɗannan karnuka jininsu na saurin yin gudaji ya toshe jijiya, don haka likita kan haɗa da clopidogrel.

Ƙarin ruwan jini kuwa na ɗan lokaci ne, kuma sai an zuba mai yawa kafin adadin albumin ya motsa. Albumin ɗin da ake yi wa mutane ƙari da shi yana iya tayar wa kare da mummunar rashin lafiya, sai tura ta kai bango ake taɓa shi.