Kada ka sa hannu a ranar da aka sallame ka

Ƙannena da kuka shigo Amurka kuka kama aiki, ku san wannan tun da wuri: a nan mai kamfani zai iya sallamarka yau da hantsi, ba sanarwa, ba dalili, kuma doka ba za ta ce masa uffan ba. Haka tsarin yake a duk jihohi in ban da Montana. Abin da aka hana shi ne kora saboda addini, launin fata, jinsi, ƙasar da ka fito da makamantansu, ko don ka nemi haƙƙinka.

Kuɗin sallama kuwa, dokar tarayya ba ta wajabta shi ba, ta Texas ma haka. In ba a rubuta shi a yarjejeniyar aikinka ko a ƙa'idojin kamfani ba, ba ka bin kowa bashi. New Jersey na cikin 'yan jihohin da suka fita daban, domin tun 2023 babban kamfanin da ya sallami ma'aikata da yawa a lokaci guda sai ya biya albashin mako ɗaya kan kowace shekarar aiki.

To me zai sa kamfani ya ba ka abin da ba dolensa ba? Ruwa ba ya tsami banza. Sayen bakinka yake yi.

Ni a wani sito a Houston na koyi wannan. Manaja da wata mata daga ofishin kula da ma'aikata suka kira ni, suka turo min takardu da biro, an ma manna 'yar alama rawaya inda zan sa hannu. Idona ya faɗa kan adadin kuɗin, na tuna haya, na tuna mutanen gida da ke jiran aike, na rattaba hannu. Can cikin shafukan akwai layin da na yafe duk wata ƙara da zan iya kai su. Alhali mun daɗe muna sa-in-sa da shugaban sashenmu kan fita sallar Juma'a, saƙonninsa kuma suna cikin wayata. Da na je wurin lauya daga baya, ya ce ƙorafi ga EEOC, hukumar tarayya mai yaƙi da wariya a wurin aiki, babu mai hana ni, amma diyya na riga na sayar da ita da araha.

Don haka ka ce za ka tafi da takardar gida ka karanta. Wanda ya kai shekara 40, dokar tarayya ta ba shi kwana 21 ya yi nazari, da kwana 7 na janyewa bayan ya sa hannu. Ku matasa ba ku da wannan gata, amma roƙon 'yan kwanaki ba laifi ba ne. Kada kuma a haɗa maka kuɗin sallama da ladan guminka. A Texas dole a biya wanda aka kora albashinsa na ƙarshe cikin kwana 6, ko ya sa hannu ko bai sa ba. In an hana ka, kana da kwana 180 ka kai kuka ga hukumar ƙwadago ta jihar.

Sai batun rubuta bayani. A gida mun saba zuwa kotu a buga mana takardar shekarun haihuwa, a danna hatimi, babu mai sake duba ta. A nan sau da yawa ba hatimi, ba mai rantsar da kai. Dokar tarayya tun 1976, da ta Texas tun 2011, sun yarda ka rubuta sunanka da bayaninka, ka ƙara cewa ka amince a hukunta ka in ƙarya ce, ka sa kwanan wata da hannu. Texas na neman ranar haihuwa da adireshi ma. Sauƙin nan ne ke ruɗin mutum, amma a Texas ƙarya a ciki tana iya kai ka kurkuku har shekara ɗaya, in kuma a shari'a ce ta fi haka.

Wani abokin aikina ya nemi in ba shi shaida a rubuce, na cika wata rana da ka, ban duba ba. Lauyan kamfani ya fito da rajistar shiga aiki, ashe ranar ina hutu. Ba a tuhume ni ba, amma sauran maganata, wadda duk gaskiya ce, ta tashi a banza, abokina ya kwana ciki. In ba ka tabbatar da rana ba, rubuta "wajen tsakiyar watan Maris". Takardun albashi da jadawalin aikinka kuma ka riƙa ajiye su a wayarka tun yanzu, domin imel ɗin kamfani kan rufe tun kafin ka kai wurin ajiye motoci.