Ashe batir ne

Talata, bayan isha'i.

Auta bai ci tsiren ba. Yana nan a ledarsa a kan firiji, ni kuma na kasa buɗe babi na 3 na aikin bincikena na makaranta duk da kwamfutar ta gyaru tun la'asar.

Da safe wajen ƙarfe 7 na buɗe laftof in ƙarasa gyare-gyaren da Malam ya yi min da jan biro, tunda ranar Alhamis ya ce in kai masa Samaru. Na shafa tacfad, wato ɗan faifan da ake shafawa da yatsa a madadin maus, kibiyar kan allo ko motsi. Na kashe na kunna, haka. Dama kwana uku ke nan tana min wasu 'yan halaye, kibiyar ta riƙa tsalle ita kaɗai, dannawa kuma sai na sa ƙarfi, amma na share saboda aiki ya sha kaina.

Jiya da daddare na bar wa Auta ita ya buga wasan ƙwallonsa na rabin awa. Shi ne kawai abin da ya faɗo min. Na fito tsakar gida na same shi cikin kayan makaranta yana shan koko.

"Kai, me ka yi wa kwamfutata?"

"Ban yi mata komai ba, Yaya."

"Ruwa ka zuba mata ko?"

"Wallahi Yaya lafiya lau na rufe ta."

Na ce kada ya sake rantse min. Na ce hannunsa ba ya taɓa abu ya bar shi da rai. Har rimot ɗin talabijin da ya lalace bara sai da na tono, duk a gaban yaran maƙwabta biyu da suka biyo masa tafiya makaranta. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ya ajiye kofin da sauran kokon a ciki, ya saɓa jaka suka fita. Umma daga bakin kicin ta ce, "Ke dai ki bi a hankali, ba ki gani da idonki ba." Ban tanka ba.

Daga nan har wajen 11 ina ta fama. Ƙawata ta Kongo ta riƙa turo min saƙon murya ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in duba layin maɓallan sama, akwai mai hoton tacfad, in danna shi tare da maɓallin Fn, don sau da yawa hannu ne ke kashe shi ba a sani ba. Na danna ya fi sau goma. Ta ce a tata HP ɗin idan ka taɓa kusurwar hagu ta sama sau biyu sai wata 'yar fitila ta kama, shi ke nan ya kulle. Tawa ba ta da wannan fitilar. Na shiga saitin da maɓallin Windows da I, ina lallaɓawa da maɓallin Tab da maɓallan kibiya har na isa, na tarar tacfad ɗin a kunne yake. Na aro maus a ɗakin Yaya Babba, ina jonawa ya kama aiki. Na shiga Device Manager na cire direban tacfad ɗin, wato manhajar da ke sa shi aiki, na sake kunna kwamfutar ta mayar da shi da kanta. Shiru. Na so in ɗora wa sabuntawar Windows laifi, sai na tuna Microsoft ta rufe wa Windows 10 wannan babin tun 14 ga Oktoba 2025, rabon da in ga ta sauke wani abu har na manta. Duk abin da na gwada ya ƙi, sai in ƙara cewa a raina lallai yaron nan ruwa ya zuba.

Bayan azahar na hau keke daga Tudun Wada zuwa PZ. Rana kamar ta dafa mutum. Ruwan kogin Kubanni duk ya janye, sai rairayi da 'yan wanki.

Injiniyan da Yaya Babba ya kwatanta min yana wani lungu bayan masu sayar da caja, shagon bai fi ɗaukar mutum uku ba. Na fara zuba masa labari, da Fn, da direba, da ƙanina da ya zuba ruwa. Bai ma kunna ta ba. Ya ɗora ta a kan gilashin teburinsa ya taɓa gefe guda, sai ga ta tana rawa kamar kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaza. Ya ɗago ta daidai idona ya ce, "Hajiya, dubi nan." Tacfad ɗin ya ɗan taso sama da sauran jikin, a gefe kuma murfin ƙasa ya buɗe baki har farce zai shiga. Wata nawa ina aiki a kanta kullum ban lura ba.

Ya kwance notinan ya ɗaga murfin. Batirin ya kumbura kamar fanke.

Ya ce a irin waɗannan siraran kwamfutocin batirin yana kwance ne a ƙarƙashin tacfad daidai. Batirin lithiyam idan ya tsufa ko ya sha zafi, sinadarin cikinsa yana fitar da iska, jakar da aka naɗe shi a ciki kuma a rufe take ruf, sai ya yi ta hawa yana tokare abin da ke samansa. Shi ya sa dannawa ta fara tauri, daga baya matsin ya sa kibiya tsalle, ƙarshe abin ya tsaya cak. Sai ya tambaye ni, "A ina kike ɗora ta in kina aiki?" Na ce a kan katifa. "Cajin fa?" Na ce da an kawo wuta nake jonawa, ba na cirewa, har kwana take yi a jone, don ban san yaushe za a sake kawowa ba. Ya gyaɗa kai kawai, ya nuna min ramukan shan iska na ƙasa, waɗanda katifa ke toshewa, duk sun cika da ƙura da zaren bargo.

Na ce, "To Malam, ruwa fa? Ba alamar an zuba mata ruwa?"

Ya haska fitilar wayarsa ya duba ko'ina a natse. Ya ce ruwa yana barin shaida, wani fari-fari ko tsatsa mai kore, nan kuwa a bushe take ƙarau. Ya ce wannan kumburin ba na jiya ba ne, ya yi watanni yana tafe. Sau biyu na maimaita tambayar, ban san me nake so ya ce ba.

Ya cire batirin a hankali, da wani ɗan roba ya ɓanɓaro shi, bai kai ƙarfe kusa ba. Ya zare siririyar wayar nan mai faɗi da suke ce wa fileks, ya goge bakinta ya mayar ya danne makullinta. Ya jona caja ya kunna. Na sa yatsa, kibiya ta bi ni sumul kamar ranar da na saye ta. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har hamdala na yi da ƙarfi, amma daɗin bai kai bakin ƙofar shagon ba.

Tsohon batirin ya ce in bar masa. Ya ce kada in kuskura in huda shi don iskar ta fita, yana iya kamawa da wuta nan take, kuma kada a jefa irinsa a bola, tunda bola cinna mata wuta ake yi, ga yara masu tsince-tsince. Ya sa shi a wani gwangwani mai yashi a bayan shago. Sabo sai ya aika Kano, naira 28,000, ranar Asabar. Na ba shi 3,000 na aikinsa. Kafin nan kwamfutar sai a jone, da an ɗauke wuta ta mutu, don haka sai in riƙa danna Ctrl da S ina adana aiki kowane minti biyu.

Keken dawowa ya tsaya shan mai. Na sayi tsire na 1,000 a Agoro.

Da na shigo Auta yana alwalar magariba. Na jira ya dawo daga masallaci na kira shi ɗaki. Na ce, "Auta, batir ne ya kumbura, ba kai ba ne. Ka yi haƙuri da abin da na faɗa maka." Ya ce, "Ba komai, Yaya," idonsa a kan tabarma. Na miƙa masa ledar ya karɓa da hannu biyu ya ce an gode. Sai na juyo masa da kwamfutar na ce zo ka gwada ka gani, ta dawo daidai.

Ya mayar da hannuwansa baya ya ce, "Ki gwada da kanki, Yaya, ina gani daga nan."

Wannan ce ta tsaya min a wuya. Yaron da kullum sai na kore shi daga jikinta, yau ga shi tsaye nesa da tebur kamar baƙo. Na yi ta shafa tacfad ɗin ina nuna masa kibiya na yawo, yana cewa eh, ta gyaru. Da Umma ta ƙwala masa kira ya kai wa Baba ruwa, har da saurinsa ya fita.

Na faɗa wa Umma yadda muka yi da injiniya. Ta ce a gaban abokansa na faɗa, haƙurin kuma a ɗaki na ba shi. Ba ta ƙara komai ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Kwamfutar yanzu a kan teburin karatu take, na sa mata murafen kwalba huɗu a ƙasa don iska ta ratsa. Babi na 3 ko layi ɗaya ban taɓa ba. Yaran nan biyu ƙarfe 7 da kwata suke biyo masa, gobe zan fito tsakar gida kafin su iso.