Porsche 928 ta musamman: a duba lambobi kafin a taɓa fenti

Daga 1977 zuwa 1995 Porsche ta ƙera motar 928, mai injin V8 a gaba da akwatin giya a baya. A cikinsu akwai ƙalilan da kamfanin ya keɓe: 141 da aka fitar don cikar Porsche shekara 50, masu sa hannun Ferry Porsche, ɗan wanda ya kafa kamfanin, a jikin kujeru, da waɗanda sashen Sonderwunsch ya yi wa launi ko fata yadda mai saye ya buƙata. Darajar irin waɗannan tana ga fentin asali da fatar asali.

Shi ya sa, in ɗaya ta faɗo hannunka a Yamai, kada ka garzaya da ita wajen mai fenti ko mai ɗinkin kujera. Ɗaga shimfiɗar but tukuna, ka nemi 'yar takardar da aka manna, mai lambar launi da lambobin kayan ƙari. Gwada ta da wadda ke littafin mota, da lambar shasi. In sun saɓa, hannun wani ne a baya, ba na kamfanin Porsche da ke Stuttgart ba. Fatar da ta bushe a shafa mata mai, kada a yage. Ƙofofi da murfin inji na alminiyo ne, ba sa ɗaukar irin bugun da ake wa ƙarfe.

Babban abin tsoro shi ne bel ɗin taimin, mai daidaita motsin bawul da na fistan, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 2. A injin mai bawul 32, kamar na samfurin 928 S4 da GTS, in ya tsinke fistan ya daki bawul ya lanƙwasa su. Zafin Afrilu da ya haura digiri 40 yana cin roba ko motar na ajiye, don haka ni a ganina kada bel ya wuce shekara 5. A canja shi tare da famfon ruwa da ƙananan gargaren da yake bi. Tiyon fetur na saman inji ma haka: in ya tsage, man ya zuba kan inji mai zafi, sai gobara.

Mai giyar otomatik kuma, a sa makanike ya sassauta matsin da sandar tsakiya, mai haɗa inji da akwatin giya, ke yi wa farantin bayan inji. In an bar shi, yana cinye beyarin karanshaf har ya lalata bulok ɗin. Bulok ɗin nan na alminiyo ne mai silikon, ba a rarake shi kamar bulok ɗin ƙarfe.

A ajiye motar a inuwa, don rana na fasa dashbod, kuma lokacin hunturu a riƙa hure ƙurar radiyata da iska.