Yadda na koyi juya maganar maƙaryaci kafin jarrabawa

Cikin tambayoyin auna basira da na yi ta bita lokacin shirin jarrabawa, waɗanda suka fi cin mini lokaci su ne na tsibirin nan da mutanensa suka kasu biyu: wasu ba sa faɗin komai sai gaskiya, wasu kuma ba sa buɗe baki sai da ƙarya. Za a haɗa ka da biyu ko uku daga cikinsu, kowa ya yi magana guda, a ce ka tantance wane ne wane. Babu lissafi a ciki, babu hadda. Wani masanin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, ɗan Amurka, Raymond Smullyan, shi ya yayata irin wannan kacici-kacici a wani littafi da ya fitar a 1978, kuma har yau salonsa ake bi wajen tsara su.

Abu na farko da ya zauna mini shi ne kada in tsaya zato. Sai in ɗauki mutum ɗaya in ce, mu ƙaddara wannan mai gaskiya ne, in bi maganarsa in ga inda za ta kai ni. A ce mutum biyu ne, A da B, sai A ya ce: "Dukanmu biyu maƙaryata ne." In A mai gaskiya ne, maganarsa ta tabbata ke nan, ya zama maƙaryaci da bakinsa, abin ya ci karo. Saboda haka A maƙaryaci ne. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan haka zato marar tushe yake: taki biyu ko uku ka yi a kansa sai ka ci karo da bango, ka dawo ka ɗauki ɗaya hanyar.

Amma sanin cewa A maƙaryaci ne rabin aiki ne, kuma a ragowar rabin ne na fi daɗewa. Tunda maganarsa ƙarya ce, mene ne gaskiyar? Zuciya tana saurin cewa, to dukansu masu gaskiya ne. Ba haka ba ne. Abin da ya ƙaryata maganar "dukanmu maƙaryata ne" shi ne a samu ko da mutum ɗaya mai gaskiya a cikinsu. A ba shi ba ne, mun riga mun gama da shi, don haka B ne mai gaskiya. Da na fahimci wannan sai na ajiye warware tambayoyi na ɗan lokaci, na koma ina rubuta jimloli ina juya su kawai. "Kowa ya zo" tana zama ƙarya in mutum ɗaya tak bai zo ba. "Babu wanda ya zo" tana zama ƙarya in mutum ɗaya tak ya zo. "A da B sun zo" tana rushewa in ɗayansu ya rasa zuwa, ba sai dukansu ba. Ita kuwa "A ko B ya zo" ba ta rushewa sai in babu wanda ya zo cikinsu. Waɗannan biyun na ƙarshe su ake kira dokokin De Morgan, da sunan Augustus De Morgan, masanin lissafi na Ingila wanda ya rasu a 1871. Na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa suna faɗuwa a nan, don sun bi dukkan matakan daidai amma sun juya jimla ɗaya a karkace.

Har tsohuwar maganar nan ta Epimenides, mutumin tsibirin Kirit a zamanin Girkawan da, wanda ya ce mutanen Kirit duk maƙaryata ne, da wannan ido na sake dubanta. Ana yawan kawo ta a matsayin ƙulli marar kwancewa, alhali tana kwancewa. Shi maƙaryaci ne, maganarsa ƙarya ce, ma'ana akwai aƙalla mutum ɗaya mai gaskiya a Kirit, kuma ba shi ba ne.

Jimlar sharaɗi ta fi duka wuya, kuma ba na jin akwai wanda ta shige shi a zama ɗaya. A ya ce: "Idan ni mai gaskiya ne, to B ma mai gaskiya ne." A ƙa'idar manɗiƙi, irin wannan jimla ba ta zama ƙarya sai a hali guda: sharaɗin ya tabbata amma abin da aka rataya masa bai tabbata ba. In sharaɗin bai tabbata ba tun farko, ana ɗaukar jimlar a matsayin gaskiya. To in A maƙaryaci ne, sharaɗin "ni mai gaskiya ne" bai tabbata ba, jimlar ta zama gaskiya, maƙaryaci kuwa ba ya faɗin gaskiya. Dole A mai gaskiya ne, B ma haka. Na daɗe raina bai kwanta da wannan ƙa'ida ba, sai da na dube ta ta fuskar alkawari. Wanda ya ce in ka ci jarrabawa zai ba ka kyauta, ba za ka kira shi mai karya alkawari ba in ba ka ci ba, ko ya bayar ko bai bayar ba.

Yawan bita ya sa wasu abubuwa suka zama ina gane su da gani. Babu ɗan tsibirin da zai iya cewa "ni maƙaryaci ne", domin mai gaskiya zai zama ya yi ƙarya, maƙaryaci kuma ya faɗi gaskiya. Saboda haka duk wanda ya ce maka wane ya ce shi maƙaryaci ne, mai kawo labarin ne maƙaryacin. "Ni mai gaskiya ne" kuwa kowa na iya faɗa, ba ta ƙara maka komai, ka wuce ta. In A ya ce B maƙaryaci ne, su biyun ba iri ɗaya ba ne, ko da ba ka san wanne ne wanne ba. In A ya ce "ni da B iri ɗaya ne", B mai gaskiya ne ko yaya A yake, shi kuma A ba ka da hanyar saninsa daga wannan magana kaɗai. Wannan na ƙarshe ya koya mini in riƙa bin hanyoyin biyu har ƙarshe ko da ta farko ba ta ci karo da komai ba, domin wani lokaci amsar da ake nema cikin zaɓin ita ce "ba za a iya tantancewa ba".

Akwai masu ba da shawarar zana jadawalin dukkan yiwuwa. Yana aiki, kuma na yi amfani da shi sosai a farko don in tabbatar da amsoshina. Mutum biyu layi 4 ne, uku layi 8, biyar kuwa layi 32, kowane ƙarin mutum yana ninka aikin. A ɗakin jarrabawa agogo ba zai bar ka ba. Ɗauki mutum biyar: na farko ya ce maƙaryaci ɗaya ne cif a cikinmu, na biyu ya ce biyu ne, haka har na biyar da ya ce biyar ne. Maganganun suna kore juna, ba zai yiwu fiye da ɗaya ta zama gaskiya ba. In duka ƙarya ne, maƙaryata sun cika biyar, na biyar ya faɗi gaskiya ke nan, abin ya ci karo. To ɗaya ce gaskiya, maƙaryata huɗu ne, kuma na huɗu ne ya faɗi haka. Layi uku na rubutu sun wadatar.

Na leƙa wata tambaya irin waɗannan wadda masanin falsafa George Boolos ya wallafa a 1996, mai masu amsa uku: ɗaya mai gaskiya, ɗaya maƙaryaci, ɗaya kuma yana amsawa yadda ta faɗo masa, kuma da kalmomin yarensu, "da" ko "ja", suke amsawa ba tare da ka san wacce ce e wacce ce a'a ba. Tana da daɗi, amma na ajiye ta sai bayan jarrabawa, don ta fi ƙarfin abin da nake shiryawa.

Da jarrabawa ta matso sai na koma tsara nawa tambayoyin. Ina fara yanke wa kaina cewa A maƙaryaci ne, B mai gaskiya, C maƙaryaci, sannan in nemo maganar da kowannensu zai iya yi wadda za ta kai mai warwarewa ga wannan amsa ita kaɗai. Sai in ba abokin karatuna ya gwada. In ya samo amsa ta biyu da ita ma ta dace, tambayar ba ta ɗauru ba, sai mu zauna mu nemo jimlar da ta bar ƙofa a buɗe mu gyara ta. A nan na fara ganin inda mai tsara tambaya yake ɗana tarkonsa, kusan kullum cikin "duka", "aƙalla" ko "idan", har ya zama ina ja musu layi da fensir kafin in ƙaddara komai a kan kowa.